Darasi na Bakwai

A kwarinmu waya kurma ce.
Sai na ɗaura wa doki sirdi,
na hau tudun da ke bayan garke,
inda sabis ke sauka kamar tsuntsu matsoraci,
sanda ɗaya, wata rana biyu,
ka yi tari ya tashi.

Sunana Sarangerel.
Tumaki ɗari biyu da sha ɗaya, 'ya'ya biyu,
da rajista a makarantar likitan dabbobi ta Ulanbato
wadda ban taɓa taka ƙofarta ba.

Sanyin ƙasarmu na tsotse batir
kamar ɗan maraƙi a hantsar uwa.
Shi ya sa waya ke kwana a ƙirjina,
cikin rigar fata,
inda nake ɗumama ɗan tunkiyar da uwa ta ƙi.
Faifan sola na jingine da bukkar ulu,
kowace safiya in share masa ƙanƙara da hannun riga.

Malam Gombosuren na magana daga ɗaki mai ɗumi,
har tururin shayinsa ina gani.
"Ku kunna kyamara," in ji shi, "in ga fuskokinku."
Malam, fuskata tsada gare ta.
In na nuna maka ita yau,
na cinye datar darasin jibi.

Darasi na bakwai: haihuwar da ta zo a juye.
Bidiyo ne, minti arba'in.
Kwana uku ina sauke shi,
kamar mai cika randa da cokali.
A minti na sha tara ya sandare:
hannun malam cikin tunkiyar roba,
bakinsa a buɗe,
wani ɗan zobe a kan hancinsa
yana ta juyawa, yana ta juyawa.

A daren nan Mai Baƙin Kunne ta fara naƙuda.
Wutsiya ce ta leƙo, ba kai ba.
Maigida ya bi dawakan da iska ta kora,
sai ni da Tomorbat,
tocilan na rawa a hannunsa.
Minti sha tara nake da su.
Na wanke hannu, na shafa mai,
na tura a hankali yadda aka nuna,
har na iso inda bakin malam ya tsaya.

Daga nan babu malam.
Sai muryar kakata,
wadda ba ta taɓa riƙe alƙalami ba:
lalubi gwiwa, bi ta har kofato,
rufe kofaton da tafinki kada ya yagi uwa.

Ya fito. Bai motsa ba.
Na share masa hanci da ciyawa, na hura.
Ya yi atishawa.

Gari na wayewa na hau tudun,
na rubuta da yatsun da ba sa jin kansu:
Malam, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.
A rage mana nauyin kaya.
Murya ta ishe mu, da zane biyu ko uku.
A yanka darasi gunduwa-gunduwa
yadda zai wuce maƙogwaron wayarmu.
A bar ƙofar jarrabawa a buɗe kwana uku,
don ranar da ƙanƙara ta binne hanya
ba lalaci ne ya riƙe mu ba.
Ƙarshen darasi na bakwai kuwa,
na same shi a garke.

Saƙon ya yi ta kewaya.
Doki ya buga ƙafa.
Na miƙe a kan likkafa,
na ɗaga wayar kamar mai miƙa wa raƙumi gishiri.
Sannan ya tafi.

Kwana huɗu shiru.
A na biyar murya ta zo, minti shida, ba hoto,
ta sauka tun kafin doki ya gama huci.
A ƙarshenta malam ya gyara murya:
"Sarangerel, ranar Laraba ke za ki yi wa aji bayani.
Ba sai kin kunna kyamara ba."

Ɗan tunkiyar yana nan, ya fara tsalle.
Tomorbat ya raɗa masa suna Sabis,
wai don da ƙyar ya zo.