Littafin Bashin Tashar Valdecarrizo

Jirgin bakwai saura kwata bai fasa zuwa ba.
Ni ma ban fasa buɗe shago kafin ya iso ba,
in ɗora gahawa, in goge kanta,
in jera kofuna kamar wadda ba ta ji labari ba.

Yau ce ranar.
Magajin gari ya sa baƙar kwat,
'yan makaranta sun zo da furanni cikin gwangwanaye,
an tsaya gaban dutsen da aka sassaƙa wa sunaye,
a kira ɗaya, ƙararrawar coci ta amsa, a kira na gaba.
Dutsen ya iya harafi, amma bai san kowa ba.
Ina ya san Anselmo na zuba sukari cokali uku,
ya kashe mini ido, kada likita ya ji?
Ina ya san Dorina, da ta baro Romaniya don goge benen wasu,
ɗumama yatsu take yi da kofin, sai ya huce take sha?
Ko Yusra, mai koyon aikin jinya,
da ke haddace sunayen ƙasusuwa a tsaye,
tana cewa saura wata uku jarrabawa?

Ni ma ina da nawa dutsen:
littafin bashi mai jan bango, gefensa ya sha maiƙo.
Anselmo, gahawa huɗu da burodi.
Tagwayen gidan Olmedo, lemo biyu, "Baba zai biya."
Eusebio mai gyaran agogo, taba kwali ɗaya,
shi da ya rantse ya daina tun Kirsimeti.
Laraba ce. Kowa ya ce sai Juma'a, in an yi albashi.

Tasha uku daga nan jakar ta tashi
a ƙarƙashin kujera.
Mu nan ko ƙara ba mu ji ba.
Kekuna muka gani da yamma, ɗaure a jikin shinge,
mai rabo ya zo ya kwance nasa ya tafi gida,
tara suka kwana.
Suka kwana, suka sake kwana,
har tsatsa ta fara cin sarƙa.

Wanda ya ajiye jakar, bakina ba ya kiran sunansa.
Ba shi da shafi a wurina.

Bana, da taro ya watse,
wata budurwa ta tsaya a bakin kanta,
haɓar Anselmo sak, har da kafaɗar nan da ta karkace.
Shekararta huɗu lokacin.
Ta ce, "Inna Remedios, an ce babana ya tafi da bashinki,"
ta ajiye kuɗi, daga albashinta na fari.

Na ce ba na karɓa.
Ta ce nauyi ne, a sauke masa ya huta.
Na ce bashi hanji ne, 'yata, yana cikin kowa,
nasa kuwa shi kaɗai ya rage mini.
In na ja layi a kan sunansa,
me zai kawo shi ran Juma'a?

Jirgi ya wuce. Kofuna suka ɗan yi rawa, suka natsu.
Sai ta ce in buɗe mata shafin.
Ga sa hannunsa can ƙasa, a gaggauce,
wutsiyar harafin ƙarshe ta tsallake layi.
Ta ɗora yatsa a kai, ta daɗe.
Ashe ba ta taɓa ganin rubutunsa ba.

Ta kwashe kuɗinta ta mayar jaka.
"To zuba mini ɗaya," in ji ta, "sukari uku,
ki haɗa da nasa."

Na mayar da huɗu biyar.
Hannuna ya yi rawa, biyar ɗin ta fito kamar ƙugiya.

A waje, uwar Yusra da mijin Dorina
suna tattara gwangwanaye,
suna gardamar wa zai shayar da furannin gobe.