Abin da Rediyo Ya Haɗiye

Bayan lisha, in Hansatu ta sauke tukunya,
ni ke kwashe sauran garwashin a kasko,
in cusa bakin ƙarfen liƙi a ciki
har ya yi ja kamar idon mai bin bashi.
Wutar gwamnati ta san hanyar Ringim,
amma kafin ta iso Sankara sai ta yi ɓatan kai.

Wata goma sha huɗu ina tara kayansa.
Kuɗin riɗi ya sayi batura biyu da faifan sola.
Taranzista huɗu, kuɗin ɗan akuya,
daga wani lungu a Sabon Gari
inda mai shagon ya rantse ba jabu ba ne,
biyu suka fito jabu.
Kafasita kuwa daga cikin mushen talabijin na ƙwaƙulo.
Murfin tukunyar sanholo na yanka don ya riƙa shan zafi;
har yau da faifai ake rufe miya a gidan nan,
har yau ba a yafe mini ba.

Gwajin farko, na juya ƙafar kafasita.
Ta fashe kamar gugguru,
hayaƙi ya tashi, kaji suka farka,
ni da fitila muka kalli juna.
Gwaji na biyu, gunji ya cika sifika,
kamar ƙudan zuma a kogon kuka.
Kwana tara ina bin waya da tsinken mita
kafin in kama ɓarawon:
ɗigon dalma ɗaya, bai kai ƙwayar gero ba,
ya zauna bai kama ba.

Ilu mai faci ya leƙo ta kan danga:
"Zai kai kasuwa daga nan?
Ka ba da haya ranar biki, ka mai da kuɗinka."
Na ce, Ilu, jaki ma yana da ƙara.
Ni wanda ba ya ƙari nake nema,
ba ya ragi,
ɗan aiken da zai kawo magana yadda aka ba shi.
Ya girgiza kai, ya koma wa tayoyinsa.

Akwai wani kaset a ƙasan adakata.
Inna ce ta yi mini shi
shekarar da nake dako a Fatakwal.
Na ji shi sau ɗari a ƙaramar rediyo,
muryarta siririya kamar daga cikin rijiya.
A ƙarshe takan ce, "Babanka ya ce ba shi da saƙo."
Na yarda. Haka yake. Dutse ne.
Shekara ashirin da shida ina ɗauke da wannan.

Daren Talata na ɗaure wayar ƙarshe,
na ɗora sifika biyu a kan turmi da buhun wake,
na murɗa a hankali.

Shiru tukuna. Shiru mai tsabta, irin na bayan ruwa.
Sai ga ta.
Ga numfashin da take ja kafin ta kira sunana,
ga warwaronta yana taɓa kwano,
ga zabuwa can nesa tana masifa.
A ƙarƙashin duka kuma, ƙasa-ƙasa,
wata murya mai kauri:
"Ki ce ya rufe ƙirjinsa."
Inna ta ce, ka rufe ƙirjinka.
"Ki tambaye shi ko takalmin ya yi masa."
Inna ta ce, takalmin ya yi maka?

Hansatu na tsaye a bakin ƙofa, ban ji zuwanta ba.
Ta ce, mayar da shi baya.
Na mayar.

Sifikar hagu tana ɗan huci har yanzu.
Gobe in na dawo daga gona
zan canza rezista ɗaya.
Garwashin ya mutu.
Takalmin, Baba, ya ɗan matse ni,
amma na sa shi har ya tsinke.