Bar Biyu

A lambun Nalado, gefen madatsar Daberam,
aka ba ni almakashi da tsani mai ɗaurarriyar ƙafa.
Baba Mati ya nuna min gungu da haɓa:
"Ƙirga."
Na ƙirga takwas, kowanne kamar ƙwan zabuwa,
kore shar, ko ƙwallo bai yi ba.
Ya ce, "Bar biyu."

Na ce, Baba, shidan fa?
Abin da Allah ya ɗaura, ni ne zan kwance?
Bai tanka ba. Ya gyara goro a kunci,
ya kai hannu, ƙas, ƙas,
ya fara da mai tabo,
ya bi da wanda ya maƙale a inuwa,
sannan ya cire wani lafiyayye sumul
da ba shi da laifin komai
sai zama kusa da wanda ya fi shi.

Shi ne ya tsaya min a rai.

Kwana tara muna bisa.
Ruwan mangwaro ya ƙone min bayan hannu,
ƙasa ta cika da zubabbu,
awakin Ladidi suka yi ta wadaƙa,
yara na tsinta a gaban riga,
su dangwali gishiri da barkono,
suna yamutsa fuska, suna ƙarawa.

Akwai wata Binta Suga bayan rijiya
inda idon Baba bai cika kaiwa ba.
Na hau, na duba,
na sauko da almakashina a aljihu.
Na ce, ke kam, riƙe naki duka.

Bazara ta buɗe wuta.
Mai ya yi tsada, inji sai Laraba yake tari,
kowace bishiya da awon ruwanta.
Tawa ta raba nata wa baki dubu,
ta sunkuya kamar mai dami uku a ka.
Na saro gwafa na tokare ta a ɓoye,
na ƙara wata.

Daren hadarin farko ina bukka
na ji ƙarar.
Ban fita ba, na san ta.
Da asuba ga reshen a ƙasa, cikinsa fari fat,
'ya'yan a warwatse kamar carbin da ya tsinke.

Dillalin 'Yan Lemo ya zo da motarsa,
ba ya tambaya, tafin hannunsa ne ma'auni.
Na Baba ɗaya ya cika masa hannu har da saura.
Ya iso tawa, ya latsa guda, ya yar:
"Waɗannan na kashi ne, a kai bakin tasha."

Na jira faɗa.
Baba Mati ya miƙo min zarto kawai,
ya kwaɓa laka da kashin shanu a tsohon kwano
don shafe bakin ciwon.
Ina yanka yana riƙe tsanin, ya ce,
"Na ga ranar da ka sauko hannu bushe."
Sai ya nuna can wajen shinge,
wata tsohuwa mai kafaɗa guda:
"Waccan tawa ce."

Bana ni ke nuna wa sabon yaro gungu.
In ce ƙirga, ya ƙirga.
Mai tabo ba wuya, na inuwa ba wuya.
Amma in na kai kan lafiyayyen nan
har yau almakashin yakan tsaya a buɗe
gwargwadon numfashi ɗaya.