Harshen Ƙararrawa

A Sterling Heights, hawa na biyu, ɗaki na sha ɗaya,
ni ke juya Baba Hormiz ƙarfe huɗun dare
kada gado ya ci masa baya.
Ba shi da nauyi. Na taɓa ɗaukar buhun gero da ya fi shi.
Mai nauyin yana ƙarƙashin matashi,
naɗe cikin tsohuwar safa:
guntun ƙarfe, kamu ɗaya, mai dunƙulen kai.

Na zaci taɓaryar daka yaji ce.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
Ya ce harshe ne.
Shekara talatin da ɗaya yana jan igiya
a wata majami'a gabas da Mosul,
aure ya ja, mutuwa ya ja, Lahadi ya ja sau biyu.
Daren gudu ƙararrawar ta fi ƙarfin mota,
sai ya hau ya kwance mata harshe
don kada ta yi magana a hannun wani.

Baƙi uku muka yi, in ji shi.
Na fari ta sama suka zo,
suka ce ƙaya za su cire mana,
suka tafi da ƙafar.
Na biyu ba baƙi ba ne ma,
da su muke awon alkama,
rana ɗaya sallama ta ƙafe a bakinsu.
Na uku fenti suka riƙo.

Ya zana min harafin da yatsa a kan bargo.
Na san shi.
Nun ara.
Ina 'yar shekara shida na rubuta shi a allo,
na wanke, na sha.
Ban san ana shafa shi a bangon mutum ba
a ce gidan ya tashi daga nasa.
Na gyara bargon. Bai yamutse ba, na dai gyara.

An ce faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi.
A falo talabijin na nuna taswira,
masu kwat na ja-in-ja a kan wa ya kamata ya shiga,
wa ya yi kuskuren fita.
Babu mai sunan Warina a bakinsu,
matar da ya binne a hanya, ba liman, ba akwati,
ya sa murfin tukunya alama.

Ƙasar da ta aika jiragen
ita ta ba shi wannan gado mai maɓalli,
da ni, da kwaya bakwai safe da yamma.
Na ce, Baba, kana jin haushi?
Ya dubi ƙanƙarar da ke sauka kan motoci.
Ya ce, miyarsu ba gishiri.

Ran Lahadi jikoki kan zo.
Ya yi musu magana da harshen kakanninsa,
su amsa da Turanci, ido na kan waya.
Harshe biyu ya tsallako da su teku,
na ƙarfe da na uwa,
kowanne ya rasa bakin zama.

Jiya ya ce in buga shi a ƙarfen gado.
Na buga. Ƙwas.
Kamar cokali ya faɗi a kicin.
Ya rufe ido, ya daɗe,
yana sauraron sauran ƙarar da ni ban ji ba.

Sai ya ce, Lami, tashi, lokacinki ya yi.
Ba agogo a ɗakin.
A can, ladanin ƙauyen tsallake ke riga shi,
in ya sauke murya shi kuma ya kama igiya.
Jikinsa bai manta ba.

Na shimfiɗa ɗankwali a ɗakin ajiyar tawul.
Ta bango ina jin sa yana tasa, ƙasa-ƙasa.
Na yi sallama dama, na yi hagu.
Hagun, wajensa ne.