Dasin Mai Kujera Biyu

Can ƙarshen Muciya, a garejin Baba Jatau,
bayan tulin tayoyi, gindin tsamiya,
akwai mota kwance kan bulo huɗu.
Dogon hanci gare ta, gajeren baya,
kujera biyu tak, sai ka ce ba ta da dangi.

Ranar da aka kawo ni koyon aiki
na rataye rigata a madubinta.
Baba bai ce uffan ba,
ya sa bakin sifana ya ɗage rigar
kamar mai cire ƙuda daga nono.

Da fari ja ce, in ji shi, ja wur kamar attarugu.
Yanzu launinta na tukunyar da ta sha wuta.
Kaza na ƙwai a wajen sitiyari,
ƙadangare na shan hantsi a bonet.

In aiki ya lafa bayan La'asar
yakan buɗe injin ya kira mu:
"Ku ƙirga. Silinda shida a jere, sahu guda,
kafireto biyu masu numfashi tare.
Kafin ita, ana cewa Japan gwangwani take ƙerawa,
motar cefane, motar kai yara makaranta.
Wannan ce ta shiga dajin Kenya, cikin taɓo,
ta baro manyan Turai suna tari.
Daga nan bakin 'yan raini ya mutu."

Mai ita wani malami ne a Samaru,
Dakta Zubairu Nomau, mai gilas da tabar lofe.
Daga Kwangila zuwa Shika,
shayin da ka zuba ba ya hucewa ya iso.
Ya kawo ta wata Talata, kan fanfon mai kawai,
ya ce, "Jatau, ajiye min, zan je Legas in dawo."
Motar haya ya hau.
Ita ce ba ta wuce Tegina ba.

Shekara arba'in ba ɗaya ke nan.

Bara wani saurayi ya zo daga Abuja,
ya zagaya ta sau uku, waya a hannu,
yana faɗin abin da irinta ke yi a kasuwar Turawa.
Ya ambaci kuɗin da ya sa ni sakin fulogi a baƙin mai.
Baba ya goge hannu da tsumma, yatsa bayan yatsa,
ya ce, "Yaro, ka yi ciniki da mai ita.
Ni fanfo aka ce in gyara, kuma na gyara."

Duk Juma'a, kafin mu tafi masallaci,
nakan ɗauko batirin wata Golf da aka kawo gyara.
Baba ya kori kazar, ya zauna, ya murza.
Takan yi kaki, ta yi gardama,
sannan ta ɗauka,
har masu walda su ɗaga tabarau su waiwayo.

Minti biyar yake ba ta.
Tayoyinta ba sa taɓa ƙasa,
amma na lura ba ya tayar da ita
sai ya fara share ɗaya kujerar.