Ƙwallon Dabino

Na dawo daga Hartum da littafi a hammata,
jami'a ta cika min baki da sunayen Girkawa.
Na ce wa kakana Nomau, mulkin jama'a
a wata kasuwa ya tsiro, can ƙetaren bahar.
Ya kurɓi shayinsa. Ya ce, "Kasuwa ɗaya ce a duniya?

Shekarar da muka sauke kaya a gefen Sinnar,
guzurin Makka ya ƙare, ƙafa ta ce ta gaji,
gida goma sha bakwai, magudanar ruwa ɗaya tal.
Na sama ya datse, dawar na ƙasa ta sunkuya.
Sau biyu aka zare lauje.
Barau ya koma gida da yatsu tara.

Gwamma mai ƙosai ce ta ajiye ƙwarya biyu gindin ƙirya,
ta lulluɓe su da tsohon zanenta,
ta ce kowa ya ci dabino ɗaya, ya riƙe ƙwallon,
ya tura hannu ƙarƙashi, ya jefa inda ransa ya so.
Hannu a ɓoye ba ya tsoron suruki.

Liman ya jiƙa ƙaro da gawayi,
ya rubuta a bayan buhun auduga:
ruwa bi da bi ne.
Mai rabon ruwa damina ɗaya zai yi, ya sauka,
kuma gonarsa ce ƙarshen sha.
Kwana uku muna gardama kan matar mamaci,
ko tana da ƙwallo.
Gwamma ta ce, ƙwaryar wa kuke jefawa a ciki?
Aka rubuta.

Ni ma na nemi rabon. Huɗu na samu,
ɗaya nawa ne.
Wata guda ban gai da kowa ba,
amma ran da bi ya zo kan Barau
da hannuna na ɗage katakon."

Na tambaye shi ina buhun.
Ya ce gara ta cinye, tun kafin a haifi ubana,
sai dai har yau ba wanda ya sha kafin lokacinsa.

Yanzu ni ke kwafe daftarin tsarin mulki
a ɗaki mai fanka, kusa da mahaɗar koguna biyu.
Manya na musu kan waƙafi,
ana kawo shayi, ana kwashe kofuna.
Na san sau nawa takalmin soja ya taka irin wannan takarda,
shi ya sa nake dannawa da ƙarfi, tawada ta shiga.

Babi tara na kwafe. Na sake bi, layi layi,
ban ga inda aka ce
gonar mai rabo ce ƙarshen sha ba.
A aljihuna akwai ƙwallon dabino,
ina juya shi,
ina jiran a ajiye ƙwarya.