Farar Ƙasa

Da asuba Kofur Lamela ya karkaɗa makullai,
ya ƙirga mu kamar buhunan wake a Tudun Hatsi:
goma sha huɗu, har da ni.
Ɓarawon akuya aka ba shi lauje,
wanda ya ci bashi ya ɗauki kwando,
ni aka miƙo mini bokiti da buroshi.
"Ba kai ne Gidado mai fenti ba? To, ga sana'arka."

Muka ratsa Herwagana a jere,
masu anko a bikin da babu ango.
Mai ƙosai ta sunkuyar da kai.
Ni na rubuta mata allon rumfarta,
har yau da sauran canjina a wurinta.

Sai ga bangon.
Rubutuna na nan, ja wur, bai koɗe ba:
KWARI YA CI GIDA GOMA SHA ƊAYA.
WA YA CI KUƊIN KWARI?

Hannuna ne, ban yi musu ba.
Alƙali ya ce wata tara, da aiki mai tsanani.
Bai tambayi gida na bakwai ba.
Namu ne.
Ruwan Agusta, tsakar dare,
ƙasa ta buɗe baki a bayan ɗakin Inna,
ta haɗiye randa, da gadon ƙarfe,
da keken ɗinkin Daso da ba mu gama biya ba.

Ranar Laraba lauya ta zo, Barista Dija,
da takarda a cikin leda.
Ta ce ƙasashe sun taru sun sa hannu, har da tamu:
ba a ɗora wa mutum aikin dole
don ya faɗi ra'ayinsa a kan masu mulki.
Na ce, ranki ya daɗe,
takardar nan ta san hanyar Gombe kuwa,
ko motarta ta lalace a Alkaleri?
Ta yi dariya.
Can ta daina, ta dubi kantar hannuna.

An ce wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.
Ban ci ladan kowa ba,
ga ni da aska.

Na tsoma buroshi.
Na fara da alamar tambaya,
don ita ta fi ba su haushi.
Amma farar ƙasar tsululu ce,
ruwa tara, gari ɗaya,
ashe ita ma an ci kuɗinta.
Shafi na farko, ja ya leƙo.
Shafi na biyu, rana ta busar,
ja ya sake leƙowa
kamar jini a bandejin asibiti.

Kofur ya ce, "Sake."
Na sake.
Ya matso, kamar mai duba aiki,
ya ce, ƙasa-ƙasa,
"Gidan surukina, taku shida ya rage."
Sannan ya daka mini tsawa, don a ji.

Da azahar 'yan makaranta suka taso.
Wata yarinya mai guntun fensir a bayan kunne
ta tsaya, ta ƙanƙance ido,
tana haɗa baƙaƙen ta cikin farin:
wa... ya... ci...

Gobe ma nan za a kawo ni.
An ce sai bangon ya yi shiru.
Na wanke buroshi, na kife bokiti,
hadari na haɗuwa ta gabas.